Ragar da Baba Ya Ƙera wa Jif

Ranar sunan jikata ta wajen Habibu ina zaune a ɗaki, ƙofa a buɗe, na ji ɗaya daga cikinku yana ba abokansa labari a tsakar gida, wai babanku direban gwamnati ne a da, ganganci ya sa aka karɓe masa mota. Aka yi dariya. Ba zan kama sunan wanda ya faɗa ba, ya san kansa, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don abin da ya tashi ya tarar ana faɗa ke nan, mu da muka san gaskiya kuwa muka yi gum. To yanzu na tsufa, haƙora sun tafi, kunyar ma ta fara bin bayansu, kuma waɗanda aka yi shirun dominsu duk suna ƙasa. Saboda haka ku natsu ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta tsaya a tsakiyar abin.

Minna ta lokacin ba ita ce wannan da kuke ƙorafin hayaniyarta ba. Unguwar Tunga da yanzu ba ka iya tsallaka titi saboda 'yan acaba, gonakin doya ne da ciyawa. Jirgin ƙasa shi ne agogon gari, kukansa ke gaya wa mace ta ɗora tukunya. Shi ne ma ya kawo kakanku, Baba, tun yana saurayi ya biyo layin dogo daga arewa, ya sami aikin ƙira a loko, inda ake gyaran kan jirgi, ya yi ta dukan ƙarfe har gashinsa ya yi fari aka sallame shi. Ya kafa 'yar maƙera a zauren gidansa yana gyara wa mutane fartanya da galma. Shekarar da ta biyo bayan aurena Inna ta rasu, daga ranar bai ƙara hura wuta a maƙerar ba. Yakan fito da tabarma ya zauna a ƙofar gida tun hantsi, ya kalli masu wucewa, ya koma. Mu muna haya a layin, gida kaɗan ne tsakaninmu, kullum ni ke kai masa abinci, kullum kuma in ɗauko kwanon da saura.

Ni ce 'yar fari, kuma ni kaɗai na rage masa, ƙannena ba su rayu ba. Ku 'yan yanzu da 'ya'yanku ke hawa kafaɗarku suna ja muku gemu ba za ku gane ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya haɗa ido da shi, ba ya zama hira da shi. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa fuskantata da magana ba. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce a kawo ruwa. In miya ta yi masa daɗi, kajin tsakar gida yake gaya wa cewa yau wani ya iya girki. Da Inna na da rai magana takan bi ta wajenta ta zagayo gare ni. Da ta tafi sai aka bar mu mu biyu, muna son juna, ba mu da hanyar da za mu bi mu faɗa. Babanku kuma suruki ne, nasa ya fi nawa tsanani. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya gaishe shi kai a ƙasa, duk abin da Baba ya faɗa amsar ɗaya ce, Allah ya ƙara girma.

Babanku yana tuƙa jif ta ofishin likitan dabbobi, mai shiga daji ana yi wa shanun Fulani allura. Yana son motar nan kamar shi ya haife ta. In za su yi sammako akan bar shi ya kwana da ita a ƙofar gida, sai ka gan shi da tsumma yana goge inda ba datti. Shekarun yaƙin basasa ne, kayan gyaran mota sun yi wuya, abin da ya lalace sai a daɗe ana jira. Abin da ya fi damunsa shi ne danja, fitilun nan ja na baya. A daji ba titi, in za ka juya sai ka yi ta baya-baya cikin itatuwa, reshe ya doki gilashin ya fashe. Ga sojoji a kan hanya sun sa shinge, motar da ba danja ba ta wucewa ta daɗi, an taɓa tsare shi wuni guda a rana saboda haka. Wata yamma yana ba abokansa wannan labari a ƙofar gida, bai lura ba ashe Baba na kan tabarmarsa yana ji. Washegari na ga Baba ya zagaya bayan motar da ɗan karan dawa yana gwadawa. Kwana biyu bayan nan ina tankaɗe sai na ji ƙarar zugazugi daga zaurensa, na saki rariyar na tsaya ina saurare, hawaye na zubo mini.

Raga ya ƙera, guda biyu, kamar ƙaramin keji da za a kifa a kan kowace danja. Amma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙera wa kan jirgi ƙarfe bai san wani abu wai shi siriri ba. Sandunan sun kai kaurin yatsata. Da ya aiko da ɗaya a gani, babanku ya juya ta a hannu, ya yaba, ya mayar. Sai da muka shiga ɗaki na ga fuskarsa ta canja. Ya ce mini:

"Ƙarfen nan ya fi ƙarfin motar. Jikinta farin ƙarfe ne mai laushi, ɗan uwan na tukunya. Danja in reshe ya doke ta, ita kaɗai za ta fashe. Wannan kuwa ranar da ya sarƙe da wani abu ba zai karye ba, jikin motar ne zai biyo shi."

Ya ce in lallaɓa in gaya wa Baba. Na yi dariya, na ce ni da ban taɓa ce masa ko miya ta yi gishiri ba, yau zan tsaya in ce masa ƙirarsa ba ta yi ba? Na ce shi ya faɗa, tunda shi ya san mota. Ya dube ni kamar na ce ya shiga kasuwa ba wando. Muka yi tunanin aika Saratu, maƙwabciyar Baba, wata mutuniyar Garatu, Kirista, mai sayar da doya, wadda ita kaɗai ke iya tsayawa ta yi masa tsiya ya yi dariya. Amma a aika wa maƙeri mai sayar da doya ta gyara masa aiki, wannan ai ya fi zagi. Kuma zan gaya muku abin da ke raina a lokacin. A makon nan ne karo na farko tun rasuwar Inna na ɗauko kwanon Baba ba ko loma a ciki. Ban so kowa ya taɓa wannan wutar ba.

Ranar da aka ɗaura, babanku na tsugune ba takalmi, yana miƙa wa Baba kayan aiki, yana kallo ana huda jikin motar gwamnati ba da izinin kowa ba. Kowane bugu sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Da aka gama Baba ya kama ragar ya girgiza, motar duka ta girgiza. Ya ce:

"Malam, wannan ko giwa ta taka ba za ta fasa maka fitila ba."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

Gaskiya kuwa ranin nan duka danja ba ta ƙara fashewa ba. Sauran direbobi suna ta asarar nasu, babanku na wuce shinge ana ɗaga masa hannu. Sukan taru ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanmu su yi ta musu, wasu su ce ai raga ita ce magani, kowa ya nemi tasa, wasu su ce ƙugiya ce kawai aka rataya wa mota, tana jiran abin da za ta kama. Babanku ba ya sa baki. Ni ce nake ganinsa da asuba yana duba inda aka huda, yana shafa fentin da ya fara tsagewa a gefen ramukan. Baba kuwa ya zama wani mutum. Ya koma gyaran fartanya, ya koma yi wa Saratu ba'a a kan doyarta, kuma duk yammar da motar ta kwana a layin sai ya taho da sandarsa ya girgiza ragar, ya gyaɗa kai, ya koma. Watannin nan su ne mafi daɗi da na yi a Minna, ba zan ɓoye ba.

Da damina ta yi nisa suka tafi wata ruga a bayan Garatu. Motar ta zame a laka, babanku na ƙoƙarin fitowa da baya, ragar hagu ta sarƙe da kututturen wata ƙirya da ciyawa ta rufe. Kafin ya ankara kusurwar motar ta yage tun daga sama har ƙasa, ƙofar baya ta karkace. Ba wanda ya ji ciwo. Danjar kuwa tana nan lafiya lau cikin ragarta, tana reto a jikin waya, ko tsagewa ba ta yi ba. Mutanen ƙauyen suka taimaka aka turo motar, aka jawo ta zuwa harabar ofis. Shugabansu ya tambayi wa ya ba da izinin huda mota, wane ne kuma ya yi aikin. A irin lokacin nan ɓata kayan gwamnati ba ƙaramin abu ba ne, da an kama suna da an kira tsohon ya tsaya gaban yara sa'o'in 'ya'yansa suna yi masa tambayoyi. Amma ba wannan ne ya fi tsorata babanku ba. Tsoronsa kada Baba ya san cewa kyautarsa ce ta jawo. Sai ya ce a kasuwa ya sayi ragar, shi ya ɗaura da hannunsa, kuma ya yi baya bai duba ba. Aka karɓe makullin, aka ce ya tafi Wushishi ya riƙa tsaron ɗakin ajiyar magunguna da gishirin shanu.

Ya dawo gida bayan la'asar a ƙafa, ya zauna a bakin gado ya gaya mini duka. Ya ce in ina so in zauna kusa da Baba, shi ya tafi shi kaɗai, ba zai riƙe ni ba. Na juya abin a raina. Habibu na goye, ga wani cikin. In na zauna, Baba zai tambayi bango me ya sa mutumin da aka canja wa wurin aiki ya bar iyalinsa, kuma bango ba shi da amsa sai ta bakina. In na tafi, wa zai kai masa tuwo? Na zaɓi in tafi, mu ce canjin wurin aiki ne, har da motar. Ku rubuta wannan ku ajiye, ba wanda ya tilasta ni, ni na zaɓa, kuma na san abin da nake bari a baya.

Da muka je sallama babanku ya tsuguna ya faɗi abin da muka shirya. Baba ya saurare shi har ya gama. Sannan ya tambaya:

"Da motar za a tafi?"

"Da ita, Baba."

"To madalla. A riƙa ɗiga wa ƙusoshin mai, damina ce."

Ni kuma ya juya wajen bango ya ce a yi haƙuri da mutane, a kula da yaro. Na amsa wa ƙasa. Na riga na sa Saratu ta tambaye shi ko zai biyo mu, ya ce namiji ba ya tarewa a gidan surukinsa. Saratu ta ce in tafi, muddin tana dafa doya Baba ba zai kwana da yunwa ba.

Wushishi gari ne na mutanen kirki, ban ce komai a kansu ba, amma ni ban san kowa ba. Ɗaki ɗaya muka samu a bayan ɗakin ajiyar, kullum warin maganin shanu. Ranar kasuwa ce kawai nake jin muryoyi da yawa, sauran ranaku daga ni sai Habibu da kukan kurciya. Labari ya riga mu isa, ana nuna babanku ana cewa ga direban da ya yaga mota. Shi kuma ya daina magana. Yakan zauna a kan benci da makullan ɗakin a hannu, in mota ta wuce can kan hanya sai ya ɗaga kai ya ce man wannan bai isa ba, ko birkinta ya kusa ƙarewa, daga nan ya sake yin shiru har magariba. Ni kuma hannuna ya ƙi koyon sabon awo. Na daɗe ina tuƙa tuwon mutum uku, sai na zo kwashewa in tuna. In jirgin Minna ya yi kuka nakan fita bayan ɗaki in tsaya har ƙararsa ta ɓace, sannan in dawo in ci gaba da abin da nake yi.

Da farko ina zuwa ganin Baba a kai a kai. Na tarar ya rame, maƙerar ta sake mutuwa, gizo-gizo ya yi saƙa a kan zugazugi. Na ɗauka tsufa ne da kewa. Kowane zuwa, bayan na gaishe shi ya amsa wa bango, sai ya tambayi yaya motar, ragar na nan dai ko? In ce tana nan daram, fitila ba ta taɓa fashewa ba. Ya ce madalla. Ba ku san nauyin wannan ba. Mutumin da a duk rayuwata maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta cika kwano ba, ga shi rabinta ta zama ƙarya. Nakan fito daga zauren ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Sai na fara jinkirta zuwa. In ce sai yaro ya warke, sai an gama girbi, sai bayan salla. Tsakanin zuwa da zuwa ya yi ta tsawo, ina kewarsa kamar in mutu, ina kuma tsoron tambayar nan tasa.

Shekarar da ta biyo bayan ƙarewar yaƙi, ina cikin jegon Ladi, wani ma'aikacin jirgi ya kawo saƙo cewa Baba ya rasu, har an kai shi tun jiya. Muka tafi tare da babanku, ya karɓi gaisuwa ya koma bakin aiki, ni na tsaya in kintsa kayan ɗaki. Bayan mutane sun ragu ina zaune a zaure kusa da uwar maƙera, Saratu ta shigo ta zauna a ƙasa. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a wajenta. Ta ce akwai maganar da ta daɗe tana ci mata rai. Ashe cikin waɗanda suka turo motar daga laka har da ƙanenta, washegari ya kawo mata doya ya ba ta labari, ita kuma ba ta san komai ba ta tsallaka ta yi wa Baba jaje. A ranar ya ɗauki sandarsa ya tafi harabar ofishin, mai gadin tsohon abokinsa ne na loko, ya bar shi ya shiga. Ya sa hannu ya bi yagewar daga sama har ƙasa, ya ji kuma abin da surukinsa ya faɗa wa shugabanni. Da ya dawo ya ɗebi ruwa ya zuba a wutar maƙera. Duk wannan kafin mu zo masa sallama.

Na ce to me ya sa bai je ya ce shi ne ba? Ta ce ya yi niyya, har ya sa hula, sai ya tuna in ya faɗa ya mai da surukinsa maƙaryaci a gaban manyansa, korar gaba ɗaya za a yi masa. Na ce to tambayar motar fa da yake yi mini kowane zuwa? Saratu ta share ido da bakin zane ta ce:

"Ya ce in bai tambaya ba, kai za ka gane ya sani. Ya ce yaron ya ba da aikinsa don ya rufa mini asiri, in na nuna na sani, ya yi asara a banza ke nan. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba sai ba ransa."

Ta ce duk ranar da jirgin Wushishi zai shigo yakan sa ta ƙara doya a tukunya, ko da wani zai zo.

Na yi kuka a zauren nan irin wanda ban yi ba ranar da saƙo ya iso. Kuma ba baƙin ciki kaɗai ba ne, haushi ne. Na ji haushin Baba, na ji haushin babanku, na ji haushin kaina. Manya uku a layi ɗaya, kowa na son ɗan uwansa, kowa ya toshe bakinsa don kada ya ji wa wani ciwo, ga shi tsoho ya ƙare kwanansa shi kaɗai yana jiran jirgi. Da na san ya sani, da kowane mako ina kan hanyar Minna, ko da bangon za mu yi ta yi wa magana mu biyu.

Da na koma Wushishi babanku ya tarye ni a tasha, ya karɓi ƙunshin kaya, muka taka har gida. Duk hanya ina shirya yadda zan gaya masa. Bayan ya yi sallar magariba na ajiye masa tuwo, ya wanke hannu amma bai buɗe kwanon ba. Na dube shi da kyau a hasken fitila, na ga yadda ya tsufa a 'yan shekarun nan, mutumin da bai kai arba'in ba. Ya yi gyaran murya, bai ɗago kai ba, ya ce:

"Har ya rasu bai ji labarin motar ba ko?"

Na buɗe baki zan gaya masa maganar Saratu. Sai na dubi hannunsa da ke kan murfin kwanon.

"Bai ji ba."

Ya sauke numfashi mai tsawo, ya ce alhamdulillahi, to ba a yi a banza ba. Ya buɗe kwanon ya cinye tuwon tas, har ya tambaya ko akwai ƙari. Na tashi na je madafa in ƙaro masa, na tsaya a can har idona ya bushe, sannan na kawo.